Sai An Yi Sallama

A cikin duk saƙonnin da kwamfuta kan jefo wa mutum, babu wanda aka raina kamar wanda ke fitowa lokacin da ka gama aikinka, ka nemi ta sakar maka ma'adanar da ka jona mata, ita kuma ta ce a'a. Ina nufin ma'adanar nan ta tafi-da-gidanka mai girman littafin aljihu, wadda masu sayar da kayan kwamfuta ke taƙaita sunanta su ce "estanal". Saƙon gajere ne, da Turanci yake zuwa, ma'anarsa kuwa ita ce ana amfani da wannan na'ura a halin yanzu, ka rufe duk abin da ke amfani da ita sannan ka sake gwadawa. Sai ka duba fuskar kwamfutar ka ga babu komai a buɗe. Ka sake latsawa, ta maimaita maka. A karo na uku yawancin mutane sukan ja tsaki su fizge waya, kuma galibi ba abin da ke faruwa, wanda shi ne ya jawo wa saƙon raini.

Ni kuwa sana'ata ta hana ni raina shi. Na daɗe ina buga wa marubuta rubutunsu a kwamfuta, ina gyara musu rabewar kalmomi da haɗewarsu, ina tsara shafuka kafin a kai maɗaba'a ko a fara sakin labari kashi-kashi. Abin da ke ratsawa ta hannuna rubutu ne da wani ya yi shekara biyu ko uku yana yi da dare bayan yara sun yi barci, kuma sau da yawa babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin wannan 'yar na'ura. Wanda ke riƙe da irin wannan kaya dole ne ya san me kwamfuta take nufi idan ta ce a dakata.

Bari in fara da abin da ke faruwa a ciki, domin shi ne ginshiƙin maganar. Mai karatu ya san ɗan tireda na unguwa mai ba da bashi. Idan ciniki ya yi zafi da safe, wannan ya karɓi suga, wancan ya karɓi sabulu, ba ya tsayawa buɗe babban littafin bashi saboda kowane mutum. Yakan ce "na rubuta", alhali a ka ya riƙe, ko a 'yar takardar da ke kan tebur, sai rana ta ɗaga jama'a sun ragu sannan ya zauna ya shigar da komai cikin littafi. To haka kwamfuta take yi. Ƙwaƙwalwarta ta wucin-gadi ta fi ma'adanar waje sauri nesa ba kusa ba, saboda haka idan ka adana fayil tana iya nuna maka an gama, alhali wani sashe nasa yana jira a ƙwaƙwalwa, bai sauka a kan faifai ba tukuna. Ita ma ma'adanar tana da tata 'yar ƙwaƙwalwar da ke yin irin wannan jinkiri. Wanda ya zare waya a wannan tsakani tamkar ya ɗauke wa ɗan tireda littafi ne kafin ya shigar da cinikin safe.

Wannan ɗaya ke nan, na biyu kuwa ya fi shi haɗari. Ba koyaushe fayil ke zama a dunƙule wuri guda a kan faifai ba. Ana iya warwatsa shi gutsure-gutsure, sai a ajiye wani jadawali da ke faɗin sunan kowane fayil da inda gutsattsarinsa suke. Kamar a ce an kwance shafukan littattafai dubu an zuba a ɗaki guda, aka kuma rubuta takarda ɗaya mai nuna shafi kaza na littafi kaza yana kusurwa kaza. Duk lokacin da ka ƙirƙiri fayil, ko ka sauya masa suna, ko ka mayar da shi wata jaka, sai an taɓa wannan jadawali. Idan aka katse ana cikin taɓa shi, ɓarnar na iya wuce fayil ɗin da kake aiki a kai ta shafi jaka sukutum, wani lokaci ma kwamfuta ta daina gane ma'adanar baki ɗaya, ta fara tambayarka ko a yi mata fomat. Tsarin NTFS, wanda ya zo tare da Windows NT a 1993, yana da kariya, domin yakan rubuta abin da yake niyyar sauyawa a jadawali kafin ya sauya, ta yadda in an katse shi zai iya komawa ya daidaita. Sai dai kariyar ta jadawali ce, ba ta ceto abin da ke cikin fayil ɗin da aka bari rabi. FAT32 na 1996 da exFAT na 2006, waɗanda aka fi samu a filas da katin waya da ma'adanan da ake son su yi aiki a Windows da Mac duka, su ko wannan kariyar ba su da ita.

Ke nan idan ka latsa alamar cirewa, abubuwa uku kake roƙo a lokaci guda: kowace manhaja ta saki abin da take riƙe da shi, a sauke duk abin da ke jira a ƙwaƙwalwa zuwa faifai, sannan a rufe jadawali da shaidar cewa an rabu lafiya. Ni sallama nake kiran wannan, domin baƙon kirki ba ya ficewa daga gida maigida na cikin ɗaki yana ɗaure masa tsaraba. Al'adar ma ta girmi kwamfutocinmu. Faifan ajiya na farko, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956, faya-fayai 50 ne a jere cikin akwatin da ya fi mutum faɗi, kuma haruffa kusan miliyan 5 kaɗai yake ɗauka, wato abin da bai wuce littattafai goma masu shafi 300 ba. A 1962 suka fito da wanda ake iya cire faya-fayansa a sa wasu, kuma ma'aikaci ne zai tsayar da injin, ya jira juyawa ta tsaya cik, sannan ya ɗaga. Aikin da wancan ma'aikaci ke yi da hannu shi ne aka mayar latsawa ɗaya a yau.

Na san wani zai ce ai an daɗe da kawar da wannan matsala. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun daga sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, wadda ta fito a ƙarshen 2018, Microsoft ya mayar da tsarin cirewa da sauri ya zama shi ne na asali ga ma'adanan waje, wato Windows ba ta tara rubutu a ƙwaƙwalwa, tana saukewa nan take. Wannan ya rage haɗarin farko, amma bai hana wata manhaja kasancewa a tsakiyar rubutu lokacin da hannunka ya kai ga waya ba. Babbar matsalar saƙon kuwa ita ce ba ya faɗa maka wanda ke riƙe da ma'adanar ɗan leƙe ne mai karatu kawai, ko kuwa mai rubutu ne da alƙalami a hannu. Galibi ɗan leƙe ne. Ranar da ya kasance mai rubutu ce ake kuka.

Wata damina na ga haka da idona. Wata dattijuwar marubuciya daga Katsina ta aiko mini da ma'adanarta ta hannun ɗan autanta. A ciki akwai littattafanta uku da ba a taɓa bugawa ba, da hotunan shafukan tsofaffin littattafai masu layi da ta rubuta labaranta na farko a ciki da biro, waɗanda ruwa ya bi ta rufin ɗaki ya lalata bayan an ɗauki hotunan. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, cewa ko shafi guda kada ya kwana a kwamfutata. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Duk wanda ke harkar adabinmu ya san yadda labari kan kuɓuce wa mai shi, a wayi gari ana yawo da shi a zaurukan WhatsApp da sunan wani, ko ana karanta shi a YouTube ana cin kuɗi marubuciyar ba ta da labari. Saboda haka kwana tara na yi ina aiki kai tsaye a cikin ma'adanar, wadda tsarinta exFAT ne.

Ranar Alhamis da la'asar yaron ya zo karɓa. Hadari ya haɗu a gabas, an ɗauke wuta, batirin kwamfutar ya yi ƙasa, shi kuma ya riga ya kama gurbi a motar ƙarshe, direba na ta kiransa daga tasha. Na latsa alamar cirewa, ta ƙi. Na sake, ta ƙi.

Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, ka zare kawai mana. Ni haka nake yi da tawa kullum, ba abin da ya taɓa samunta."

Na ce, "Me ke cikin taka?"

Ya ce, "Fina-finai da ƙwallo."

Na ce, "To wannan shekarun Hajiya ne a ciki. Zauna ka ba ni minti goma, in mota ta tafi ni zan biya kuɗin ta gobe."

Abu na farko da na yi shi ne ɗora tafin hannu a kan ma'adanar. A cikin irin waɗannan akwai faifai mai juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da rubutu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba. Idan tana hutawa, ɗumi da 'yar ƙugi mai tafiya bai ɗaya za ka ji. Idan tana aiki kuwa za ka ji motsi kaɗan-kaɗan kamar ɓera na ƙwaƙular buhu, 'yar fitilarta kuma tana ƙiftawa ba bisa tsari ba. Wannan tana aiki. Na rufe duk tagogin da ke buɗe, har da wadda nake kallon jakunkunan ma'adanar ta cikinta, domin ita ma takan riƙe fayil don nuna ɗan hotonsa. Na duba ƙananan alamomin da ke ɓoye kusa da agogo na rufe waɗanda ke rufuwa. Har yanzu ta ƙi.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali Windows na da inda ake tambaya. Kowace manhaja da ta buɗe fayil, akan ba ta wani riƙo, kamar igiyar da aka ɗaura wa akuya, kuma babbar manhaja na da lissafin duk igiyoyin da wanda ke riƙe da kowace. Na rubuta resmon a wurin nema, Resource Monitor ta buɗe, na shiga sashen CPU, a akwatin neman riƙo na rubuta harafin ma'adanar da ɗigo biyu da karkataccen layi, wato E:\ . Sunaye biyu suka fito. Na farko manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta ce, tana bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya tana sansanawa. Wannan ɗan leƙe ne. Na biyu manhajar da na yi amfani da ita ce wajen haɗa hotunan shafuka su zama kundi ɗaya, wadda aka ƙera ta yadda ko an rufe tagarta takan ci gaba da aiki a bayan fage har ta gama. Da na koma sashen faifai sai ga shi ƙiri-ƙiri, tana cikin rubuta kundi na ƙarshe a jakar da littattafan nan uku suke.

Na juya fuskar kwamfutar na nuna wa yaron lambobin da ke motsi. Ya yi shiru, ya fita waje ya ba direba haƙuri. Minti bakwai muka jira lambobin suka tsaya. Na dakatar da binciken manhajar farko, na latsa alamar cirewa, ta ce an sallame ka. A ƙarƙashin tafin hannuna na ji juyawar faifan tana raguwa har ta mutu, sannan na zare waya na naɗe ma'adanar a leda biyu saboda ruwa. Ya samu motarsa.

Ga wanda wannan hanya ta yi wa wuya, akwai wasu. Duk lokacin da Windows ta hana cirewa takan rubuta dalili a kundin tarihinta. In ka buɗe Event Viewer ka shiga ɓangaren System, ka nemi shigarwa mai lamba 225, za ka ga sunan manhajar da ta hana. Akwai kuma Process Explorer da Mark Russinovich ya rubuta, kyauta ce, tana nemo riƙo har wanda ya ɓuya. Masu Mac da masu Linux suna da umarnin lsof, wanda ke jero duk fayilolin da ke buɗe da masu riƙe da su. A Mac, Spotlight mai tsara bayanan nema ko Time Machine mai yin kwafin ajiya sukan kasance su ne masu riƙon, a Linux kuwa sau da yawa kai ne kake tsaye a cikin jakar ta baƙar tagar umarni, da ka fita sai ta saku. Idan duk an yi an kasa, a kashe kwamfutar ɗungurungum, domin kafin ta mutu sai ta sallami kowa ta sauke abin da ke jira. A lura dai, rufe murfin kwamfutar cinya barci ne, ba kashewa ba. Haka kuma tun Windows 8 ta 2012 kashewar da aka saba tana da ɗan rabin barci a ciki don a tashi da sauri, saboda haka a danne Shift yayin latsa kashewa don ta mutu sosai, a jira fitila ta ɗauke, sannan a zare.

Akwai wani ciwon daban da ke kama da wannan, bai kamata a haɗa su ba. Idan ma'adana tana ɓacewa tana dawowa da kanta, ko tana ƙara "ƙas, ƙas" a kai a kai, ko kwamfuta na sandarewa duk lokacin da aka taɓa ta, to a fara zargin waya da ƙarancin wuta. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 aka tsara ya bayar, na 3.0 kuwa 900, kuma faifai mai juyawa yakan wahala a rami mai rauni ko a waya mai tsawo maras kyau. In an sauya waya da rami ƙarar ba ta daina ba, faifan ne ke ciwon ajali, kuma abin yi shi ne a kwashe mafi muhimmanci nan take kafin a fara kowane gyara. Idan kuma aka jona ma'adana mai kaya a ciki kwamfuta ta ce a yi fomat, amsar a'a ce. Shafukan na nan a ɗaki, takardar da ke nuna wurarensu ce ta yage, kuma masu gyara na iya tattaro da yawa matuƙar ba a rubuta wani abu a kai ba.

Washegari Hajiya ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, yaron nan ya ce ka tsare shi har mota ta kusa barinsa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, haka aka yi." Na kwashe labarin na faɗa mata, sannan na ce, "Jiya an yi sa'a. Amma abin da ya sa gabana faɗuwa shi ne babu wata bayan wannan. Da ta faɗi daga aljihunsa a tasha, ko ruwa ya shige ta, ba sai an zare waya ba ma."

Ta yi jim, ta ce, "To ɗan nan, in na yawaita kwafi ai na yawaita ƙofar ɓarawo."

Maganarta gaskiya ce, kuma ita ce tsaka mai wuyar da marubutanmu da yawa suke ciki. Tsoron sata na sa mutum ya tara dukiyarsa wuri guda, wuri guda kuma shi ne abin da gobara da ruwa da ɓarawon jaka suke so. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'adana biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da gidanka. Na bayyana mata cewa ana iya yin haka ba tare da an buɗe ƙofa ba, domin kwafi na kulluwa. Manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana ƙunshe jaka guda ta kulle ta da kalmar sirri, ta yadda wanda ya tsinci ma'adanar ko ya shiga akwatin imel ɗinki ba zai karanta ko layi ɗaya ba. Sharaɗinta kawai shi ne in kalmar ta ɓace, kayan sun ɓace tare da ita, don haka a rubuta ta a takarda a ba mutum ɗaya da aka amince wa. Ba ta amsa a ranar ba. Bayan mako biyu yaron ya dawo da ma'adana biyu, ya ce Hajiya ta ce a kulle ta biyun, za a kai wa yayarsa da ke aure a Zariya.

Mai karatun da ke jiran kashi na gaba na labarin da yake bi bai cika tunanin a ina ragowar labarin yake kwana ba. Sau da yawa a waya ɗaya yake, ko filas ɗaya, ko ma'adana ɗaya a cikin jakar hannu mai shiga Keke Napep da kasuwa da gidan biki. Littafin da aka buga ya tsira, domin yana hannun ɗaruruwan mutane, amma wanda bai kai maɗaba'a ba ransa a hannun mai shi yake. Shawarata ga 'yan uwana marubuta da masu buga musu ba ta wuce biyu ba. Idan kwamfuta ta ce a dakata, a tambaye ta wa ke riƙe, a ba shi lokaci ya gama, sannu ba ta hana zuwa. Kwafi na biyu kuma a yi shi yau tun faifai na lafiya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.